Jana'izar Ƙarfen Masta Hamidu

Duk wanda ya zauna tsohon Zongon Lome, kafin a tashe shi, ya san Masta Hamidu. In bai san sunansa ba, to ya san wuyansa. Allah bai sake yin wuya irin wannan a unguwar ba, kai da kafaɗa a haɗe, sai ka ce an kifa turmi a kan buhun masara. Gajere ne, faɗinsa ya kusa kamo tsawonsa. In ya shigo lungu, mai tallan koko sai ta karkace tukuna su wuce juna. Amma fa kada girman ya ruɗe ka. Ƙadangare ya faɗo daga kan kwano, Masta sai ya yi salati. Jikin bajimi aka ba shi, aka yi mantuwa aka sa masa zuciyar zomo.

Ubansa Bazabarme ne. Ya gangaro da shanu daga wajen Doso, ya ga teku, ya ga uwar Hamidu tana suyar ƙosai, bai ƙara komawa ba. A nan Zongo aka haifi Hamidu. Allo ya ɗan taɓa, makarantar boko kuwa ko inuwarta bai sha ba. Da gemu ya fara tsiro masa sai ya tsallaka Gana, ya shiga dako a tashar jiragen ruwa ta Tema. Can ne wani tsohon ma'aikacin jirgi ya ga yadda yake sungumar buhun siminti kamar matashin kai, ya ja shi bayan wani sito inda ƙarti ke ɗaga ƙarfe. Shi ke nan, aljani ya shiga, bai kuma fita ba.

Shekarar da Gana ta kori baƙi, dare ɗaya aka ce kowa ya nemi gidan ubansa. Hamidu ya ga attajirai masu gidaje suna kuka a bayan motar kaya. Tun daga ran nan ya riƙe abu guda a ransa, cewa hukuma in ta tashi, ba ta tsayawa tambayar laifinka. Mutane suna tsallako iyakar Aflawo da katifu da tukwane da keken ɗinki, gogan naka kuwa da doguwar sandar ƙarfe a kafaɗa, sai sunan Masta da 'yan Gana suka laƙaba masa. Uwarsa ta dubi sandar, ta dube shi, ta ce, "Hamidu, duk shekarun nan muciya ka samo mini?"

Ya samu dako a sabuwar tashar jirgin ruwa ta Lome, ya auri Barakatu mai tubani, suka kama ciki da falo a wani gidan haya. Bayan madafar Barakatu akwai ɗan fili inda ake shanya. Nan ya kafa daularsa. Ya bi garejoji yana roƙon gangar birki ta manyan motoci, da duk wani faifan ƙarfe mai rami a tsakiya. Inda ƙarfe ya ƙare, ya kwaɓa siminti ya zuba a manyan gwangwanayen tumatir. Kafinta ya buga masa benci.

Ɗagawar tasa iri uku ce, kuma a wajensa ba a tsallake ɗaya. Ka aza sanda a kafaɗa, ka tsuguna, ka miƙe. Ka kwanta a benci, ka sauke ta ƙirji, ka tura ta sama. Sai babbarsu, ka sunkuya ka ciro ta daga ƙasa har ka tsaya ƙyam. Da la'asar sakaliya sai ka ga mahauta da karnukan mota da masu turin amalanke suna sulalewa cikin gidan ɗaya bayan ɗaya. Babban ɗalibinsa shi ne Umaru mahauci, dogo, mai ƙarfi, mai shawara, kuma duk shawarar da ya taɓa bayarwa sai da aka yi da-na-sani.

A filin nan kaɗai zomon yake barci. Da Masta ya tsaya bayan mai ɗagawa, sai ka ji wata murya daban.

"Baya a miƙe! Kai Umaru, baya a miƙe na ce, ba saniya kake feɗewa ba! Cika ciki da iska. An! De! Turwa! Tashi da shi!"

In an gama ya fito teburin mai shayi yana tsiyayar gumi, sai ya buɗe mana burinsa, ko an tambaye shi ko ba a tambaya ba.

"Ƙasar nan tana da 'yan ƙwallo, tana da 'yan dambe. Ƙarfe fa? Ku dai ba ni lokaci. Zongo tukuna. Sannan Be, sannan Jijole, kowace unguwa da sandarta da bencinta. Wata rana mu haɗu a babban filin wasa, a sa alƙali, a kawo sikeli, a ga wanda ya fi. Wallahi sai ɗan Zongo ya hau jirgin sama saboda ƙarfe."

Wani ya ce, "Masta, anya jirgin zai iya tashi da kai?"

"Ba ni zan je ba. Ni mai shuka ne."

To, zamanin kuwa zamanin jam'iyya ɗaya ne. Kowa ɗan jam'iyya ne, har jaririn da ba a raɗa wa suna ba. Ran da aka ce a fito rawa, a fito. Ran da aka ce a tafa, a tafa. Magana kuwa sai ka auna ta kamar gishirin miya, don ba ka san kunnen wa ke jingine da zana ba. Akwai wani tela a layin su Masta, mai yawan barkwanci. Ya yi wata 'yar magana a kan hoton shugaban ƙasa da ke rataye a shagonsa, washegari mota ta zo. Da ya dawo bayan watanni, ba haƙoran gaba, ba barkwanci. Ɗinki ma yana yi yana waige.

Ana nan sai aka fara raɗe-raɗin wai sojojin haya za su shigo ta iyaka, wai suna da mutane a cikin gari da ake horarwa a ɓoye. Gaskiya ne, ƙarya ne, oho. An dai wayi gari an kafa shinge a bakin babban titi, inda duk mai shiga Zongo da mai fita yake bi. Ana kwance ƙunshin goro, ana zazzage buhun gawayi, ana leƙa ƙarƙashin amalanke.

A makon ne wani mutum mai baƙin tabarau ya fara zama a teburin mai shayi, daidai ƙofar gidan su Masta. Ba wanda ya san shi. Kofi ɗaya zai saya ya wuni da shi. Daga bayan katanga kuwa me ke tashi? Ƙarar ƙarfe, nishin ƙarti, da murya tana ƙirga An, De, Turwa da Faransanci, kamar a bariki.

Barakatu ce ta fara ankara. Ta ce, "Maigida, mutumin nan ba shayi ya zo sha ba. Duk wanda ya shiga gidan nan sai ya bi shi da kallo har ya ɓace."

Masta ya leƙa ta kafar ƙyaure. Tabarau ɗin ya juyo, kamar ya san ana kallonsa. Nan take Masta ya ja da baya. Ya tuno haƙoran tela. Ya tuno cewa a duk faɗin Zongo, mutum ɗaya ne ke tara majiya ƙarfi a bayan katanga yana ba su umarni da Faransanci.

Kafin ka ce me, iyaye suka janye 'ya'yansu, mata suka hana mazajensu. Fili ya koma na shanya. Sai Umaru da wasu biyu suka rage, su ma ta bayan gida suke hawowa. Mai gidan haya ya kira Masta gefe, ya ce ko ƙarfe ya bar gidan, ko Masta ya bar shi. Abinci ya daina wuce wa Masta. Ko keke ya tsaya a ƙofa sai ya miƙe tsaye. Da riga yake kwana, wai kada a tafi da shi tsirara. Ya zube, ya rame, wuyan nan ne kawai ya ƙi bin sahu.

Ina za a kai ƙarfen? A jefa rijiya, sandar ta fi ƙarfin ɓoyo, kuma ranar da aka tono ta, laifin ya ninka. A kai wa maƙeri, ya sare ta ya yi fartanya, Masta ya ce gara a sare yatsansa. Umaru yana da ɗan'uwa mai gareji a Be-Kpota, inda ƙarfe cikin ƙarfe ba mai kula shi. Amma ta ina za a bi? Ta shinge.

Sai Umaru ya matso, ya sassauta murya. "Masta, kullum da asuba ina wuce shingen nan zuwa kwata. Komai suna dubawa, har hular mutum. Abu ɗaya ne ba sa taɓawa."

"Mene ne?"

"Makara. Suna hango ta suke ɗage katakon shingen, har su ja baya."

"A'uzu billahi! Umaru, kana da hankali kuwa?"

"Ga ta can jingine bayan masallaci, ba mai tsaronta. Gobe Liman zai tafi walimar sauka a Agbalepedo. Bayan azahar kowa yana kwance, rana ta kori mutane. Mu huɗu ne, mu ɗauka, mu wuce, mu dawo da ita kafin la'asar. Wa ya gani, wa ya sani?"

Masta ya ce a'a. Ya sake cewa a'a. Da yamma ya leƙa ta kafar ƙyaure, ya ga mai tabarau ya zama su biyu. Ya aika a kira Umaru.

Washegari suka shigo da makara ta bayan gida. Suka naɗe kowane faifai da tsumma don kada ya yi ƙara, suka shimfiɗa sandar a tsakiya, suka jera gangunan birki daga kai zuwa ƙafa, suka rufa tabarma. Saura farin ƙyalle. Barakatu tana tsaye a bakin madafa, ta rungume zanen gadonta a ƙirji.

"Maigida, ka ji tsoron Allah. A kan wannan aka ɗauki mahaifiyarka."

Masta bai iya kallonta ba. Ya ce, "Ina jin tsoronsa, Barakatu. Amma shi yana yafewa. Su ba sa yi."

Ta saki zanen ya faɗi ƙasa, ta shige ɗaki ta rufo ƙofa.

Suka ɗauka, Masta a gaba ta dama. Lungu ba kowa, sai kaji a inuwa suna haki. Har Umaru ya fara murmushi. Abin da duk su huɗun suka manta, alhali a cikinsa aka haife su, shi ne a Zongo makara ba ta tafiya ita kaɗai.

Mai shayi ne ya fara ganinsu. Ya ajiye buta, ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Wa ya rasu?"

Umaru ya ce, "Baƙo ne."

Ai da ya sani da ya ce ɗan gida ne. Baƙo? Bawan Allah ya mutu a garin da ba uwa ba uba, mutum huɗu kacal a bayansa? Wannan abin kunyar Zongo ne gaba ɗaya, kuma ladan ba a magana. Mai shayi ya bar teburinsa a buɗe ya biyo. Ya ƙwala wa wanzami kira, wanzami ya bar mutum da rabin aski. Masu barci a zaure suka tashi suna laluben takalma. Mata suna leƙe ta kan katanga suna salati. Kafin a kai ƙarshen layi, jama'a ta cika lungu maƙil, ana la'ilaha illallahu.

Kuma ka san al'ada. Ba a bin gawa hannu na dukan cinya. Kowa sai ya sa kafaɗa ya ɗan taka, ya ba na baya, kowa ya samu rabonsa. Baba Yakuba mai goro, tsoho mai ran ƙarfe, ya dafa ɗaya daga cikin yaran Masta na baya, ya ce, "Ɗana, kawo in karɓe ka." Ba a hana dattijo lada. Yaron ya zame. Baba Yakuba ya sa kafaɗa, sai gwiwoyinsa suka haɗu da juna. Makara ta karkace, mutum uku suka yi caraf suka tallafa.

Tsohon ya fito yana nishi, idanu waje. "Subhanallahi! Wannan bawan Allah me ya aikata a duniya?"

Magana ta bi sahu har baya. Wani ya ce mai cin riba ne. Wani ya ce a'a, wanda ya ci dukiyar marayu ne, haka gawarsu take yi. Duk wanda ya karɓa sai ya saki da sauri yana istigfari, wasu har da hawaye, kowa yana tuna nasa kayan. Katakon makara yana kuka ƙiii, ƙiii. Masta yana ji, gumi yana shiga masa ido, ba halin sharewa. Shi bai yarda kowa ya karɓe shi ba, don ya san in ya saki, ƙasa za a je.

Sai ya ji an karɓi kafaɗar hagu, daidai kusa da shi. Ya saci kallo. Baƙin tabarau.

Mutumin ya taka, ya taka, jijiyar wuyansa ta tashi. Bai juyo ba. A hankali ya ce, da Hausa garau, "Masta, baƙon nan naku ya ƙoshi."

Masta ya sunkuyar da kai. Ashe har sunansa an sani. Ya so ya saki ya ruga, amma ina, jama'a gaba da baya. Ya ci gaba da takawa kamar rago ana jansa ran Layya.

Aka ɓullo bakin titi. Ga shinge, ga sojoji a inuwar bishiya. Yadda Umaru ya faɗa haka aka yi. Sajensu ya miƙe, ya cire hula, ya yi wa yaransa alama su ɗage katako. Masta ya hangi titi a buɗe, ya fara ji kamar numfashinsa zai dawo.

Daidai nan wata tasi ta tsaya a ɗaya gefen shingen. Aka fara ziro laima, sannan rawani. Liman Abdulwahidu ne, siririn dattijo, jikan malaman Zazzau, wanda tun ana goyon Masta shi ke sallatar gawar Zongo. Ashe walima ta tashi da wuri. Ya tsaya a tsakiyar hanya, ya dubi makara, ya dubi jama'a.

"Gawar wa ce za a fita da ita daga Zongo ban sallace ta ba?"

Kowa ya dubi na kusa da shi. Kowa ya ɗauka an yi salla tun a gida, shi ne ya makara.

"Baƙo ne, Allah gafarta Malam," in ji mai shayi.

"Baƙo ba Musulmi ba ne? Ku ajiye. Nan ma ƙasar Allah ce."

Aka sauke makara a filin gefen titi, ta yi dum, har ƙasa ta amsa. Aka daidaita ta da alƙibla. Jama'a suka tuɓe takalma suka taka, sahu ya miƙe. Sojoji suna tsaye kusa, sun yi shiru don girmamawa, bindigogi a kafaɗa. Mai tabarau bai shiga sahu ba, ya koma kusa da saje.

Liman ya ce, "Wa ke da gawa?"

Yatsu suka nuna Masta. Liman ya yafito shi. "Hamidu, zo nan. Namiji ne ko mace? In san inda zan tsaya da abin da zan roƙa."

Masta ya shiga lissafi. In ya ce namiji, an gama. Liman zai ɗaga hannu, mutanen nan duka za su yi kabbara a kan gangar birkin mota, su roƙa mata gafara, su kai ta kabari su rufe, shi kuma ya kwana a ɗakinsa. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da ɗakinsa. Ya dubi sojoji. Ya dubi farin zanen Barakatu. Ya dubi Baba Yakuba a sahun gaba, leɓɓansa suna rawa, yana nema wa mai nauyin zunubi sassauci tun kafin a fara.

Umaru daga baya ya ce, "Namiji ne, Malam."

Liman ya gyara tsayuwa, ya ɗaga hannuwa.

Masta ya cafke hannun rigarsa. "Allah gafarta Malam, kada ka yi. Don Allah kada ka yi. Ba mutum ba ne. Ƙarfe ne."

Shi a ganinsa raɗa ya yi. Amma mai ƙirji irin nasa ba shi da raɗa. Sahun farko ya ji, na ƙarshe ya ji, saje ma ya ji. Sai ƙarar ɗana bindigogi, ƙaƙas, ƙaƙas.

Wayyo Zongo! Ban taɓa sanin akwai 'yan tsere a unguwar nan ba sai ran nan. Fili ya zama ba kowa sai takalma a jere, sahu-sahu, kamar su ne za su yi sallar. Mai shawara kuwa shi ya riga kowa. An ce sai can garin Kpalime aka ga Umaru, bayan wata guda. Aka bar Liman da Masta da makara, bakin bindigogi yana kallonsu.

Saje yana ihu da Faransanci, a kwanta, a kwanta. Masta ya zube. Liman bai kwanta ba. Ya sa tsinin laima ya yaye zanen, ya yaye tabarma, ya kwance tsumma ɗaya. Gangar birki ta bayyana, mai tsatsa. Ya tsaya yana kallonta. Sannan ya juya laimar ya hau Masta da duka.

"Shashasha! Sakarai! Kayan wasanka za ka ɗora wa makarar Musulmi? Kayan wasan da yara ke ɗagawa a bayan madafa? Wawan Zongo!"

Yana duka yana ɗaga murya, yana maimaita kayan wasa, kayan wasa, har da yaren Mina don sojoji su ji. Har yau ana gardama a kan dukan nan. Wasu sun ce fushi ne. Wasu sun ce tsohon ya ga yatsa a kan kunamar bindiga ne, ya ga gara a ɗauki Hamidu wawa da a ɗauke shi maƙiyi. Laimar dai ta karye, kuma ba a yi harbi ba.

Amma tafiya ba fashi. Mota ta zo. Aka sa Masta ya loda ƙarfensa da hannunsa, faifai bayan faifai, sannan aka tura shi a kai. Abin da ya yi ta gudu ya same shi da rana tsaka, a gaban takalman unguwa.

Abin da aka yi masa a kwanakin farko, bai taɓa faɗa wa kowa ba, ko Barakatu. Tambaya ɗaya dai ake maimaitawa: su wa kuke shiryawa, wa ya aiko ku? Shi kuwa amsa ɗaya gare shi, tsugunno da kwanciya a benci da ɗauka daga ƙasa, kuma ba ita ake so ba. Kunnensa na hagu tun daga nan bai ƙara ji ba. A waje, Liman da Sarkin Zongo suna ta sintiri daga wannan ofis zuwa wancan, Barakatu tana kai abinci ana dawo mata da shi.

Wata safiya aka fito da shi tsakar bariki, rana ta kashe masa ido. Ga ƙarfensa a zube a gindin bango, sojoji sun kewaye shi suna wasa. Wani hafsa yana zaune a kujera yana kallo. Sai wani kurtu ya sunkuya zai ciro sandar daga ƙasa, baya a lanƙwashe kamar ƙugiya. Masta yana tsaye da igiya a hannu, baki a kumbure, bai san lokacin da abin ya kuɓuce masa ba.

"Baya a miƙe! Za ka karye!"

Sojoji suka juyo. Masta ya rufe ido, ya fara kalmar shahada. Sai ya ji hafsan yana dariya. Aka kwance shi, aka ce ya nuna. Ya nuna. Ya gyara wa kurtun tsayuwa, sanda ta tashi sumul.

Hafsan ya ce, "Ka tafi gida. Ƙarfe ya zauna nan. Kullum da safe ka zo ka koya musu. Ran da ba ka zo ba, za a zo."

Haka Masta ya dawo Zongo. Liman ya kira shi, ya ce tunda shi ya wulaƙanta makara, to shi zai riƙa ɗaukarta. Daga ranar ba a ƙara fita da gawa a Zongo ba, tsoho da sabo, sai kafaɗar Masta tana gaba ta dama, har ƙarfinsa ya ƙare.

Burinsa kuwa, wa zai ce bai cika ba? Ɗalibai ya samu har ya rasa yadda zai yi da su, ƙosassu, masu cin nama. Aka yi masa rumfa mai kwano. Aka kawo fayafayai na gaske daga waje, masu sheƙi, aka zubar da gangunan birki. Har wata shekara, ran biki, wani kofur da ya horar ya ɗaga ƙarfe a babban filin wasa ana tafi. Masta yana can bayan shingen waya, cikin 'yan kallo. Sai dai kullum da safe, kafin ya kama hanyar bariki, sai tsoro ya sa ya zaga bayan gida sau biyu, kuma shekara da shekaru bai saba ba.

A unguwa kuma abu ya juya. Mutumin da ke shiga bariki kullum ya fito lafiya, me yake kai musu? In ya doso teburin mai shayi, sai hira ta koma kan ƙwallo. Masu tsokanarsa jiya suka koma, "Barka da yamma, Masta, a gaida gida." Ya gwada yin maganar Jijole da Be, kowa ya ce madalla, ba wanda ya yi dariya. Ya daina zama.

Wata rana Barakatu ta aike shi kasuwa sayen wake. Yana tsaye gaban mai awo, sai wani ƙaton soja ya hango shi daga nesa, ya taho da murna yana "Masta! Masta!" Ya sara masa, ya rungume shi, ya naɗe hannun riga yana nuna masa dantse, wai duba aikinka. Kusa da mai awon akwai wata mata 'yar layinsu, wadda aka dawo mata da ɗanta daga bariki a makon nan da karyayyen haƙarƙari. Ta dubi dantsen sojan. Ta dubi Masta. Ta ja kwandonta ta matsa.

Ya dawo gida da kwano wayam. Barakatu ta ce, "Maigida, ina waken?"

Ya zauna a bakin ƙofa, ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Can ya ce, "Barakatu, yaron nan da ya rungume ni, da ya zo wurina ko sandar banza ba ya iya ɗagawa."

Ta karɓi kwanon, ta yafa mayafi, ta tafi kasuwar da kanta.